Spin-Clean: mawankin tsofaffin faya-fayan bishara

Faya-fayan garmaho na waƙoƙin bishara da ƙananan coci-cocin Amurka suka buga da kuɗinsu a shekarun 1960 da 1970 galibi cike da ƙura da fumfuna ake samunsu. Spin-Clean ya ci kuɗinsa a nan. Kwano ne rawaya mai buroshi biyu da ke matse faifan, ba ya amfani da lantarki. Zuba tataccen ruwa da maganinsa, juya faifan sau uku dama, sau uku hagu, sannan ka goge. Ruwan famfo na barin dabbare a layukan.

Aibinsa: ruwa kan gangaro kan takardar tsakiya, tawadar wasu kuwa ta zuba. Bangon kwalin da ake ajiye faifan a ciki, mai hoton mawaƙa da aka manna da gam, kada ya ga ruwa. Busasshen ƙyalle ya isa.