Ban ruwa mai sarrafa kansa: me ya kamata ka saya kafin ka haɗa naka?

Kafin ka sayi komai, fara duba inda ruwan zai fito, domin shi ne zai nuna maka kayan da suka dace. In akwai famfo mai ƙarfin ruwa kusa da shukokin, mafi sauƙi shi ne na'urar ƙidayar lokaci mai batir da ake ɗaurawa a bakin famfo. Ka saita mata lokaci, ta buɗe ta rufe da kanta. Sai ka haɗa siririn tiyo da kawunan ɗigo, waɗanda galibi ake samun masu lita 2, 4 ko 8 a awa. Sai dai yawancin bawul masu lantarki, wato abin da ke buɗe ruwa da rufe shi a cikin irin wannan na'ura, ba sa buɗewa sosai sai da matsin ruwa, don haka in daga tanki ruwan ke gangarowa a hankali, nemi wadda aka yi don ruwa marar matsi.

Mai tukwane biyu ko uku ba ya ma bukatar lantarki. Lagwanin auduga, kai ɗaya a cikin ruwa ɗaya a cikin ƙasa, ya wadatar.

In bokiti ko durom ne madogararka, sai injin tura ruwa. Ƙaramin na nutso mai volt 5 yana da arha kuma ba ya ƙara, amma ba ya kai ruwa sama sosai, kuma yana lalacewa in ya yi aiki ba ruwa. Mai volt 12 ya fi ƙarfi, shi ya dace da tukwane masu yawa ko dogon tiyo. Ga tarkon da ke kama mutane da yawa: in saman ruwan bokitin ya fi bakin tiyon tudu, ruwa zai ci gaba da zuƙowa bayan injin ya tsaya, har bokitin ya ƙare, ƙasa ta yi sharkaf. Ajiye bokitin ƙasa da tukwanen.

Sai mataki na sama, wato Arduino ko ESP32, ƙananan allunan lantarki da ake tsara wa umarni su kunna injin su kashe shi, tare da ma'aunin danshin ƙasa. ESP32 yana da Wi-Fi, zai iya aiko maka da saƙo a waya. Arduino Uno na asali ba shi da shi, amma ya fi sauƙin koyo. Ma'aunin danshi iri biyu ne. Mai ƙafafun ƙarfe biyu tsirara ya fi arha, amma wutar da ke ratsa shi tana cinye ƙarfen, sai ka zaro shi ka tarar ya yi tsatsa, yana ba da lissafin ƙarya. Ni dai ba na ba kowa shawararsa. Sayi mai rufi, wanda ake kira capacitive, ka shafe gefensa da kansa da abin hana ruwa shiga. Kada kuma ka jona injin kai tsaye da allon, domin wutar da ƙafar allon ke iya bayarwa ba ta kai bukatar injin ba. Sa rile a tsakani, wato makunnin da allon ke sarrafawa, injin ya sami wutarsa daban.

A ganina, mafi yawan mutane na'urar lokaci ta ishe su. Ma'auni yana da amfani ne ga shukar da ba ta son yawan ruwa, kuma ko da shi, sa wa injin iyakar daƙiƙun da zai yi a kowane zagaye, don ranar da ma'aunin ya ruɗe kada saiwa ta ruɓe.

Kowanne ka zaɓa, haɗa da matatar ruwa, don yashi kaɗan ke toshe kan ɗigo, da mazubi mai murfi wanda haske ba ya ratsawa, saboda gansakuka da sauro.