Hattara da masu tallar "ƙarfen da ba ya son fenti" a Maradi

Salamu alaikum jama'a. Masu gini da masu gyaran gida, musamman a Ali Ɗan Sofo da unguwar Zariya inda sababbin gidaje ke tashi, a yi hattara. Wasu samari na yawo da hotuna a waya, suna kuma turawa ta WhatsApp, suna tallar ƙyauren gida, tukwanen fulawa da allon suna na wani ƙarfe mai launin jar ƙasa. Wai "korten" ne daga tashar Kwatano, ba ya son fenti, har jikoki za su gaje shi. Rabin kuɗi suke karɓa kafin aiki, abin da suke kawowa kuma baƙin ƙarfe ne na kasuwa da aka sa wa tsatsa da gangan.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne ƙarfen akwai shi da gaske. Kamfanin US Steel na Amurka ya fito da shi a 1933 da sunan COR-TEN, da farko don taragon jirgin ƙasa, kuma yawancin kwantenonin da muke mayarwa shago da irinsa aka ƙera su. Ana gauraya masa ɗan jan ƙarfe, kuromiyam da nikel tun a masana'anta. Idan ruwa ya jiƙa shi, rana ta busar, aka yi ta maimaitawa, tsatsar sama sai ta kama jikinsa gam, ta toshe wa iska da laima hanyar shiga ciki. Wannan aikin watanni ne, sau da yawa shekaru. Mu da damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba ba, sauran shekara rani da hunturu, nan ma sai ya fi ɗaukar lokaci.

Samarin nan kuwa dare ɗaya ya ishe su. A kankare falle, a fesa ruwan gishiri da binigar da ruwan wanke ciwo mai kumfa na famasi, a shanya. Gari na wayewa ya yi ja kamar na hoto.

Yayata ta sayi tukwanen fulawa a hannunsu, kusan ninki uku na abin da mai walda zai caje ta. Da ta ga jan gari na kama mata hannu, yaron ya ce, "Hajiya, ai tsatsar ita ce fentin." Damina ɗaya suka ci. Na ɗaga guda don a share ƙarƙashinta, tsatsa na zubowa ɓawo-ɓawo, na danna gindin da babban yatsa sai ga rami. Wurin waldar ya riga ya buɗe baki, daɓen siminti kuma duk jan zane da omo ya kasa fitarwa. Lambar yaron tun ranar ba ta shiga. Tsohon mai waldar unguwarmu ko minti bai yi yana dubawa ba ya ce fallen da ake ƙofar kaji da shi ne, kaurinsa bai kai milimita 1 ba.

Kada wanda ya ruɗe ku da gwajin mayen ƙarfe. Yana kama na gaske, yana kama na jabu. Launi ma ba shaida ba ne, don sabon falle na gaske baƙi-baƙi yake zuwa, kuma ana iya fesa masa abin gaggauta tsatsa shi ma. Shaidar ita ce takardar masana'anta mai nuna sinadaran da ke ciki da lambar inganci, irin ASTM A588 ko A606, ko S355J2W ta Turai, kuma lambar da ke takardar ta dace da wadda aka buga a jikin fallen. Ku tambayi mai tallar da wace sandar walda zai haɗa, don na gaske yana da tasa. Ɗan damfara a nan yake fara kame-kame, ya ce takarda tana wajen maigidansa a Lome.

Duk wanda ya ce muku wannan ƙarfe ba abin da ke cin sa, ƙarya yake ko da kayansa na gaske ne. Gishiri na lalata shi, haka ma laimar da ba ta bushewa. Tukunyar da ake ba ruwa safe da yamma dole a huda mata gindi, a shafe cikinta, a ɗaga ta daga ƙasa. Ni dai a ganina, ƙyaure na baƙin ƙarfe mai kauri da jan fentin hana tsatsa a ƙasa ya fi wa mai gida a Maradi kwanciyar hankali.

Wanda suka riga suka karɓi kuɗinsa ya adana rasit ɗin turawa, hotuna da saƙonnin murya, ya kai kwamisariya. Mu mun kai namu. Yanzu sun koma bin masu gidajen abinci da makarantun kuɗi da tallar allon suna, don Allah a sanar da su.