Shirin Ƙananan Jami'ai a Hukumar UNRWA: Ƙofa Mai Kyau da Mabuɗinta Ke Hannun Wasu

Wata ɗalibata da ta kammala digiri na biyu ta kawo mini sanarwar wani gurbi a shirin ƙananan jami'ai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da JPO, ta ce, “Malam, duba mini wannan, ko ya dace in nema?” Gurbin na hukumar UNRWA ne, mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Kafin in duba bayanin aikin, sai da na ɗora yatsa a kan layin da ya ambaci 'yan ƙasar da aka yarda su nema, domin a wannan shiri daga nan magana take farawa.

Tsarin ya samo asali tun 1961. Gwamnatin wata ƙasa, kamar Jamus ko Japan ko Italiya, ita ce take ɗaukar nauyin albashi da sauran ɗawainiyar matashin, hukumar kuma ta ba shi kujera da aiki da mai kula da shi. Galibi ana neman mai digiri na biyu da gogewar aiki ta kimanin shekara 2, wanda shekarunsa ba su wuce talatin da 'yan kai ba, kuma akan fara da yarjejeniyar shekara ɗaya a sabunta ta zuwa 2 ko 3, a matakin da ake kira P-2, ɗaya daga cikin ƙananan matakan ƙwararrun ma'aikatan Majalisar. Wannan aiki ne na cikakken ma'aikaci mai albashi, kuma a ganina nan ne shirin ya yi wa ayyukan sa-kai da na sanin makamar aiki zarra, tunda ba a bar matashi yana hidima da aljihun iyayensa ba.

A fannin koyo kuwa, da wuya a sami makaranta irin UNRWA. An kafa ta a watan Disamba na 1949, bayan an raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu a yaƙin 1948, ta fara aiki a watan Mayu na 1950, kuma yau mutum kusan miliyan 6 ne ke cikin rajistarta a Jodan, Labanon, Siriya, Gaza da Gaɓar Yamma, har da Gabashin Ƙudus. Yawancin hukumomin Majalisar suna ba da kuɗi ne wasu su aiwatar, amma ita da hannunta take tafiyar da makarantu kusan 700 da ƙananan asibitoci kimanin 140, har da kwashe shara a sansanoni 58. Saboda haka jami'in da aka ba shi haɗa rahoton masu ba da tallafi a hedikwatar hukumar da ke Amman, babban birnin Jodan, ba lissafin iska yake yi ba. Idan ya fita zuwa sansanin Baƙa'a, wanda aka kafa a 1968 a arewacin birnin, zai iske gidajen siminti a cunkushe inda da can tantuna ne, da ɗalibai waɗanda kakanninsu ma a makarantun hukumar suka yi karatu. Idan kuma ya ga ginin makaranta ɗaya yana ɗaukar rukunin safe da na rana saboda ƙarancin azuzuwa, zai gane abin da giɓin kasafin kuɗi yake nufi fiye da yadda takarda za ta nuna masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda zai zauna a cikinsu. Ma'aikatan hukumar sun kai kimanin 30,000, kuma mafi rinjayensu Falasɗinawa ne 'yan gudun hijira, malamai da likitoci da injiniyoyi da suka shekara 20 ko 30 a bakin aiki. Baƙon da ya zo da takardun digiri ya iske irin waɗannan, kamata ya yi ya kasa kunne ya kuma dage da koyon Larabci, domin ko da sanarwa ta ce ba dole ba ne, wanda ba ya jin harshen zai ƙare zamansa yana jiran tafinta.

Inda shirin ya gaza a fili yake. Mai kuɗi shi ne mai zaɓi, kuma yawancin gwamnatoci 'yan ƙasarsu kawai suke ɗaukar nauyi. Ƙalilan ne, irin su Holan, suka saba ware gurabe ga 'yan ƙasashe masu tasowa. Sakamakon haka, matashin Bafalasɗine da ya tashi a sansanin Ainul Hilwa da ke Labanon, ya san kowane lungu nasa, ya kuma yi karatu mai zurfi, da ƙyar zai sami hanyar shiga ta wannan ƙofa, alhali sa'ansa daga Turai yana shiga da albashin da ya ninka na ma'aikacin da aka ɗauka a yankin. Wannan ya daɗe yana damuna, kuma ban ga hujjar da ta wanke shi ba. Ga shi kuma babu tabbacin aiki bayan wa'adi ya cika.

Sai batun halin da hukumar take ciki, wanda ba zan ɓoye wa mai nema ba. Kusan duk kuɗinta gudummawa ce ta ganin dama: Amurka ta yanke tallafi a 2018, ƙasashe da dama sun dakatar da nasu a Janairun 2024 bayan zargin da Isra'ila ta yi wa wasu ma'aikata na hannu a harin Hamas na Oktoban 2023, ko da yake yawancinsu sun dawo. A Oktoban 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta zartar da dokokin hana hukumar aiki a cikin Isra'ila, dokokin suka fara aiki a ƙarshen Janairun 2025, ma'aikata 'yan ƙasashen waje suka bar Ƙudus. A Gaza an kashe ma'aikatanta fiye da 300 tun Oktoban 2023.

Layin da na ɗora wa yatsa bai ambaci ƙasar ɗalibata ba. Na ce mata ta riƙa bibiyar guraben da ake ware wa ƙasashe masu tasowa, ta ƙara gogewa a aikin agaji, ta kuma fara darasin Larabci tun yanzu, domin idan dama ta zo, zan ba ta shawarar ta karɓa.