Na'urar sauraren inji: wata tara da ita a matatsar man gyaɗata a Garwa

Ina da ƙaramar masana'antar tatsar man gyaɗa a unguwar Yelwa, nan Garwa, a arewacin Kamaru. Injin matsa biyu, tukunyar suya ɗaya, ma'aikata bakwai. Gyaɗar galibi daga kasuwar Pitowa nake ɗauko ta ranar Lahadi. Bara ne wasu samari biyu daga wani kamfani na Duwala suka zo mini da abin da suke kira tsarin haɗa inji da kwamfuta. Wata tara ke nan ina aiki da shi, kuma 'yan'uwa masu injin niƙa da na casar shinkafa sun dame ni da tambaya, shi ya sa na rubuta.

Ga abin da suka ɗaura. A jikin kowane moton lantarki da ke juya injin akwai 'yar na'ura mai jin zafi da wata mai jin girgiza, su suna ce musu kafta, da Faransanci. A akwatin wuta kuma akwai mai auna ƙarfin kuran, wato lantarki, a layuka ukun da ke kawo wa injin wuta. Duka suna kai labari ga wani akwati na Siemens da ke bango, shi kuma yana turawa wayata ta katin MTN. Bambancinsa da mitar banza shi ne akwatin yana yanke hukunci da kansa. In zafi ya haura iyakar da aka sa masa, yana kashe injin ko ina masallaci. Samarin sun yi ta ambaton Jamus, inda aka fito da sunan da ake kiran irin wannan tsari, "Industrie 4.0", a baje kolin birnin Hanoba na 2011. Ni dai na ce musu Hanoba ba ta san zafin watan Afrilu na Garwa ba, inda rana ke wuce digiri 40 kafin azahar.

Kayan da ɗaurawa sun ci mini sefa dubu 850, sai kuɗin wata dubu 15.

Abin da ya sa ban yi nadama ba ya faru a watan Maris. Duk wanda ke aiki da wutar gari a arewa ya san halinta da rani, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Ɗauke wuta gaba ɗaya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne layi ɗaya cikin ukun ya mutu, biyu su rage. Moto zai ci gaba da juyi yana gurnani, yana jan kuran fiye da ƙima, kafin ka ankara wayar cikinsa ta ƙone. Haka ta same ni sau biyu a baya, kowane naɗin sabuwar waya ya ci kusan dubu 200 da mako guda ba aiki, ga mata masu sayen tunkuza suna komawa hannu rabbana. Ranar nan ina gidan suna a Jambutu wayata ta yi ƙara. Kafin in karanta saƙon, akwatin ya riga ya kashe injin biyun. Da na iso na tarar moto da ɗumi kawai. Daga baya wani mai gyaran wuta ya ce mini akwai ƙaramar na'ura mai arha da ke yin wannan aikin kaɗai, kuma gaskiyarsa ne. Sai dai ita ba za ta nuna mini sau nawa layin ya faɗi a wata ba, kuma wannan lissafin ne ya sa na mayar da suya zuwa bayan asuba.

Mai jin girgizar kuwa, ita da wani ma'aikacina, Baba, suka yi ta gasa. Baba shekararsa ashirin yana jan injin, tun zamanin mahaifina. Da aka ɗaura na'urar fuskarsa ta canza, yana ganin an kawo masa kishiya. Wata safiya ya ɗora tafin hannu kan injin na biyu ya ce, "Alhaji, boris ɗin nan ya kusa." Na duba waya, komai kore. Bayan kwana huɗu sai ga saƙon gargaɗi. Na nuna masa, ya yi murmushi ya ce, "To, yarinyar tana koyo." Tun daga ranar shi ke share mata ƙura.

Ƙurar kuwa matsala ce. Da hunturu, ƙurar iska da garin ɓawon gyaɗa suka toshe akwatin, ya riƙa kashe injin ba gaira ba dalili, har sau uku a yini. Na kira kamfanin. Kwana goma sha ɗaya kafin mutum ya zo, don ba su da kowa a arewa, sai an taso daga kudu. Gyaran bai wuce canza abin tace ƙura da rufe wata kafa ba, abin da da sun koya wa yarona tun farko da ya yi cikin rabin awa. Manhajar ma Faransanci ce zalla, rabin ma'aikatana kuma Hausa da Fillanci suke ji, ga shi ba ta da saƙon murya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na makara biyan kuɗin wata, sai tarihin injina na baya ya rufe. Injin nawa, wutar ni ke biya, amma lissafin yana hannunsu. Ban karanta wannan sharaɗin ba kafin in sa hannu, laifina ne, amma su ma ba su faɗa ba.

Yanzu suna lallashina in ƙara sikeli mai auna man da ke fita da kyamarori, wai in ga komai daga gida. Na ce a'a tukuna. Mai injin ɗaya da ke zaune kusa da shi duk yini, ya sayi ƙaramar mai tsaron layin nan ya riƙe sauran kuɗinsa ya sayi gyaɗa. Mai injin biyu ko uku da ke yawan fita, kamar ni, tsarin zai biya kansa, in dai ya sa an rubuta masa wa zai zo gyara da cikin kwana nawa, kuma bayanan injinsa nasa ne ko ya daina biya. Kwangilata za ta ƙare a watan Yuni, kuma na riga na aika musu da waɗannan sharuɗɗan biyu.