Tsoffin kagarun Japan na kan duwatsu: wanne za ka kashe wa kuɗin mota?

Tun da na sa hotunan tafiyata mutane ke ta tambayata wacce kagara ce ta fi dacewa a je, musamman 'yan uwa ɗalibai da suke nan Japan da hutu bai wuce kwana biyu ba kuma kuɗin jirgin ƙasa ba wasa ba. To bari in faɗa tun daga farko, ni Bitchu Matsuyama nake cewa a je, kuma zan faɗi dalili.

Tana garin Takahashi a jihar Okayama, kan dutsen Gagyu, tsayin mita 430. A duk Japan manyan hasumiyoyin kagara na asali guda 12 ne kacal suka rage, a cikinsu ita kaɗai ce ke can saman dutse. Tun 1240 aka fara kafa sansani a wurin, hasumiyar da ke tsaye yanzu kuma ginin 1683 ce, hawa biyu, ƴar ƙarama, wanda ya saba ganin hoton babbar kagarar Himeji zai iya raina ta. Amma wallahi kafin ka kai gare ta ma ka riga ka ci ribar tafiyarka, don wajen tsohuwar babbar ƙofa za ka ɗaga kai ka ga ganuwar duwatsu an ɗora ta bisa falalen dutse na Allah, hawa kan hawa, har ba ka gane inda dutsen ya ƙare da inda hannun magini ya fara. Ƙofar kanta babu ita, sai gurbinta. Ka samu kufai, ka samu gini mai rai, a tikiti ɗaya.

A ciki za a ce ka cire takalmi, katakon ƙasa sanyi ƙarara a tafin ƙafa, ya yi sulɓi saboda shekaru, akwai murhu a tsakar ɗakin ƙasa da aka tanada saboda lokacin da abokan gaba suka yi ƙawanya, matakalar kuwa a miƙe take sai ka dafa da hannu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan an watsar da ita ta kusa rushewa, mutanen garin ne suka tashi gyara wajen 1940, har ƴan makaranta suka riƙa ɗaukar tayil ɗin rufi a baya suna hawa da shi. Akwai kuma kyanwa mai suna Sanjuro da suka naɗa sarkin kagara a 2018, yara na sonta sosai. Daga Okayama jirgin layin Hakubi bai kai awa ɗaya ba zuwa tashar Bitchu-Takahashi, sai tasi zuwa wurin ajiye motoci na Fuigo, daga nan ƙafa ce minti 20. Yen 500 na biya a ƙofa lokacin da na je.

Sauran fa? Iwamura a jihar Gifu ta fi kowa tsayi, mita 717, ganuwarta mai hawa shida tana da kyau, kuma a nan gwaggon shahararren sarkin yaƙi Oda Nobunaga ta yi mulki kafin ya sa a kashe ta a 1575, wannan kagarar ce ta biyu a wurina amma akwai nisa. Takatori a Nara sai mai ƙarfin gwiwa. Azuchi, kagarar da Nobunaga ya gina, matakala ce kawai da tarihi, in ba ka karanta labarin Nobunaga ba za ka sauko kana tambayar me ka gani.

Sai Takeda, a nan zan tsaya don nan aka cuce ni. Kowa ya san hoton nan na kufai yana yawo a kan gajimare, shi wani mai shirya yawon buɗe ido ya nuna min ya karɓi kuɗina, motarsa ta sauke mu ƙarfe goma sha ɗaya na safe a watan Yuni, rana tsaka, ko ɗigon hazo babu. Abin da bai faɗa mana ba, hazon nan daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ake samunsa, daga ketowar alfijir zuwa wajen ƙarfe takwas, shi ma sai daren ya yi sanyi, gari ya waye garau kuma ba iska. Na biyu, wannan hoton ba daga cikin kagarar ake ɗaukarsa ba, daga Ritsuunkyo ne, wani tsauni da ke fuskantarta, sai ka hau shi cikin duhu da tocila. Duk wanda ya ce maka ya ba ka tabbacin gajimare maƙaryaci ne, ba a hannunsa yake ba. Ita kagarar ba ta da laifi, ganuwarta na nan tun da aka watsar da ita a 1600, amma an ja igiya an shata hanya, bi kawai za ka yi ka fita, kuma ana rufe ta a tsakiyar hunturu. A kula da suna ma, Takeda ta jihar Hyogo daban, garin Taketa na Oita inda kagarar Oka take daban, a rubutunsu iri ɗaya ake rubuta su, tsakaninsu kuwa tafiyar yini ce.

Babbar yaudarar ita ce ta siminti. A 1873 gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta ba da umarni aka rushe kagaru da yawa, yaƙin duniya na biyu ya ƙone wasu, daga baya garuruwa suka riƙa sake ginawa da kankare don jawo baƙi. Ta Gifu da ke kan dutsen Kinka ginin 1956 ce, ta Echizen Ono 1968, ta Osaka kuwa tun 1931 kafin yaƙin, har da lifta a ciki. Waɗannan ma da sauƙi tunda an taɓa yin kagara a wurin, ta Atami da aka gina a 1959 babu wata hasumiya irinta a tarihi, don ƴan yawo aka yi ta. Takardun talla ba za su fito fili su ce maka jabu ba ce, shekarar kafuwar farko za su rubuta da manyan baƙi, shekarar siminti kuma sai ka nema. Kafin ka sayi tikiti ka bincika shekarar ginin da ke tsaye yau. In ka shiga ka ga ba a ce ka cire takalmi ba, ga na'urar sanyaya ɗaki ga gilasai cike da kayan nuni, to ka fara zargi.

Ka riƙe tsabar kuɗi don ba ko'ina ake karɓar kati ba, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki ruwa da guzurinka tun daga birni don abincin halal a ƙauyukan nan wuya gare shi. Da damina akwai matsattsaku a hanyoyin daji, ka cusa wando cikin safa. In ka ga allon gargaɗin beyar kada ka ɗauka ado ne, ƴar ƙararrawar da tsofaffin nan ke ratayawa a jaka ita ce maganin, ana sayar da ita a shagunan kayan hawan dutse. Kuma ka duba lokacin jirgin komawa tun kana ƙasa, a ƙananan layuka in ɗaya ya wuce ka sai ka zauna awa guda a tasha.