Korona a kamfanin kai saƙo: a rufe ɗaki gaba ɗaya ko a killace wasu?

Lokacin annobar korona, masu kamfanonin kai kaya a Yamai sun sha yin wannan tambaya: in direban moto ɗaya ya kamu da korona, me za a yi?

Rufe ma'ajiyar kayan gaba ɗaya na kwana 14, tsawon killacewar da aka saba a lokacin annobar, ya fi kwanciyar hankali, amma tsadarsa ba wasa ba: albashi na tafiya, kaya na jibge, abokin ciniki kuma ya koma wajen wani.

Killace wasu ya fi araha, sai dai yana son tsari. A ware duk wanda ya zauna kusa da majinyacin ƙasa da mita 1 na minti 15, a tura su gwaji, a goge hannun moto, tebur da wayar aiki da ruwan jabel. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen shayi: kofi ɗaya ya zagaya mutum shida, babu wanda ya rubuta sunansu. Kuma in ba a biyan kwanakin jinya, direba zai ɓoye zazzaɓinsa ya fito aiki.

Mai ma'aikata biyar a ɗaki ɗaya, gara ya rufe. Wanda ya raba ma'aikatansa rukunin safe da na yamma, killacewa ta ishe shi.