Na gama digirin akanta, ga abin da na gani a ciki

Tun da na dawo daga bautar ƙasa yaran unguwarmu masu shirin JAMB ke tare ni da tambaya, wai Yaya karatun akanta ɗin nan yana da amfani kuwa, ko dai mu nemi wani kwas? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari kawai in rubuta. A wata jami'ar gwamnatin tarayya nayi a nan arewa, kwas ɗin shekara 4 ne a takarda amma mu sai da muka kusa cinye shida, saboda korona da yajin aikin 2020, ga kuma na 2022 da ya kai wata takwas cur muna zaune a gida.

Farko dai masu tsoron lissafi ku kwantar da hankalinku. Eh sai kana da kiredit a Turanci da lissafi da ikonomis, kuma duka ukun zaka rubuta su a JAMB, amma lissafin da ke cikin akanta ba irin na injiniyoyi bane, tarawa ne da ɗebewa da kaso cikin ɗari. Abin da yake buƙata nutsuwa ne da haƙuri. Duk karatun a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya, kowane kuɗi da ya motsa sai an rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, debit da kiredit, tsarin da wani ɗan Italiya Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa a littafi tun 1494 kuma har yau da shi ake aiki. In ka kama wannan a aji ɗaya to ka huta, in baka kama ba wallahi har aji huɗu zaka dinga jin jiki, naga waɗanda suka yi ta kwasar kariyoba akan haka kawai.

Ba zan manta wani dare a aji biyu ba, muna da asamen zamu miƙa ƙarfe takwas na safe, tirayal balans ɗina, wato jerin da ake gwada jimlar debit da ta kiredit a ga sun zo daidai, yaƙi daidaita, naira 450 ce tsakanin ɓangaren hagu da na dama. Na tara na sake tarawa yafi sau goma, an ɗauke wuta ina haskawa da fitilar waya, kalkuleta har ta fara dusashewa. Sai na tuna maganar malaminmu, wani dattijo mai alli a hannun riga kullum, yace in bambancin yana rabuwa da tara ba saura to ka juya lambobi ne. 450 a raba tara 50. Na koma leja, wato babban littafin lissafin, layi layi, ashe 5,830 na rubuta a maimakon 5,380. Daɗin da naji a daren nan har yanzu ina jinsa, kuma tun ranar nasan ban yi kuskuren zaɓen kwas ba.

Malaman da suka san aiki akwai su, musamman na haraji da na odit, wato binciken littattafan kuɗi, irin waɗanda sun taɓa aikin a waje kafin su zo koyarwa. Na harajin ranar da aka ɗaga VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, daga kashi 5 zuwa 7.5 a farkon 2020 da rasit ɗin kanti ya shigo aji ya sa muka lissafa da kanmu. Irin wannan lakca ba ta fita a kai.

Amma inda raina ya ɓaci, kuma har gobe ina jin haushi, shine kwamfuta. Shekara da shekaru muna ja layi da rula a takarda, ɗakin kwamfutar sashen namu sau biyu na taɓa shigarsa, mu sama da ɗari biyu a aji na'urorin da ke tashi basu kai ashirin ba. Ranar da naje wajen bautar ƙasa oga ya buɗe min Excel yace haɗa min albashin ma'aikata, na tsaya ina kallon allo, ni da na fito da sakamako mai kyau. Manhajojin akanta irin su QuickBooks da Sage kuwa suna kawai muka ji a lakca. Da kuɗin alawi na na biya wani shagon koyon kwamfuta wata uku kafin na iya tsayawa da ƙafata. Haka zancen IFRS, ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na duniya, Najeriya ta koma kan tsarin tun 2012 amma akwai handawut da aka sayar mana da tsohon tsari a cikinsa, wannan bai dace ba sam. Sannan ɓangaren bankin Musulunci shafa kawai aka yi aka wuce, alhali bankin Jaiz na aiki tun 2012 kuma da yawanmu can muke hange saboda gudun riba.

Wani abu da ba wanda ya faɗa min da wuri, digirin kaɗai baya mayar da kai cikakken akanta a idon masu ɗaukar aiki. Sai ka haɗa da jarabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos. In sashenku na da amincewar ICAN ana yafe maka wasu takardun, don haka ka bincika wannan tun kafin ka cike fom, kuma ka fara tara kuɗin jarabawar tun kana makaranta don ba arha gare ta ba.

Inda na fara cin moriyar karatun ma ba ofis bane, shagon atamfar Baffana ne a kasuwar Kwari ta Kano. Littafi ɗaya gare shi mai baƙin bango, ciniki da bashi da cefanen gida duk a ciki. Nace Baffa ku bani sati biyu in raba muku shi. Yace "to ɗana, in dai ba zaka rikita min lissafi ba ga shi nan." Na ware masu bashi daban, kayan shago daban, abin da yake zara na gida daban. Da muka zauna sai ga shi kusan rabin jarinsa yana hannun dillalai ne, wasu ma sun shekara basu leƙo ba. Ya daɗe shiru yana jan carbi. A wannan shekarar tare muka fitar masa da zakka, kaya da tsabar kuɗi da bashin da ake sa ran dawowarsa, ɗaya cikin arba'in, ba kintace ba kamar da.

In za'a ce in bada maki zan ba karatun bakwai cikin goma, ukun da na cire na kwamfuta ne da cunkoson aji. Ƙanwata ta cike shi a JAMB ɗin bana kuma ban hana ta ba, sai dai na riga na bata tsohuwar laftof ɗina, kullum bayan isha'i muna zama awa ɗaya akan Excel.